Akushin Itace da Harsuna 17: Nazarin Ƙirar Sheng a Arewacin Sin

A shekarar 1953 masanin tarihin kiɗan ƙasar Sin, Yang Yinliu, ya yi ta zirga-zirga zuwa wani tsohon gidan ibadar mabiya Buddha da ke gabashin birnin Beijing, mai suna Zhihua. Wang Zhen, ɗaya daga cikin manyan babannin fadar daular Ming, shi ya gina gidan a wajen shekarar 1444, kuma tun daga lokacin sufayen wurin suke miƙa wa juna wani salon kiɗan busa, malami ya koya wa almajiri, almajiri ya tsufa ya koya wa na bayansa. Suna da kundin waƙoƙi da aka kwafa da hannu a 1694. Suna busa guan, ɗan gajeren abin busa mai ƙarfin murya, da sarewar dizi, suna kaɗa jerin ƙananan farantan tagulla da ganguna. Abin da ke riƙe duk waɗannan muryoyi wuri guda shi ne sheng, wani abin busa mai jerin bututun gora.

Sheng ɗin gidan Zhihua yana da bututu 17, kuma kowane bututu yana da harshensa, wato ɗan siririn ƙarfen da ke kaɗawa ya ba da murya, kowane yana magana. Wannan shi ne abin lura. Galibin sheng da ke hannun makaɗa a arewacin Sin a wancan zamani su ma bututu 17 gare su, amma 13 ko 14 ne kawai ke fitar da murya. Sauran bebaye ne, an jera su ne don da'irar ta cika. Tambayar da nake so in bi a nan ita ce: me ya sa maƙerin sheng zai bar bututu uku ko huɗu ba harshe, kuma me ake buƙata daga itace da gora da tagulla kafin duka 17 su yi magana a kan akushi ɗaya? Amsar tana cikin yadda ake ƙera abin, don haka sai mun shiga ɗakin aikin.

Wanda bai taɓa ganin sheng ba ya ɗauka a ransa ɗan ƙaramin akushi mai murfi, wanda tafin hannu biyu za su rufe shi. A gefensa akwai ɗan hanci da ake sa baki a busa. A saman murfin an huda ramuka a zagaye, an tsayar da bututun gora a cikin kowane rami, wasu dogaye wasu gajeru, an ɗaure su da zobe a tsakiya. Sinawa suna kiran akushin dou, wato mudu ko kwano. Suna cewa jerin bututun fukafukan fenghuang ne a naɗe, tsuntsun nan na almara da ke alamta zaman lafiyar mulki. A ƙasan kowane bututu, a ɓoye cikin akushin, akwai ɗan siririn harshen tagulla. Iskar da mai busa ya hura tana cika akushin, ta matsa duk harsunan a lokaci ɗaya.

Harshen nan ya bambanta da na algaita. A algaita leɓe biyu ne na ciyawa suke bugun juna. A sheng kuwa harshen ba ya bugun komai. An yanka shi ne daga jikin farantin da yake zaune, an yanke gefe uku an bar gefe ɗaya a manne, sai ya riƙa kaiwa da komowa ta cikin ƙofarsa, kamar ƙyauren da ke buɗewa ciki da waje ba ya taɓa gefen ƙofa. Saboda haka yana magana idan an hura, yana magana idan an zuƙa. Mai busa sheng ba ya yanke waƙa don ya ja numfashi, jan numfashin ma busa ne.

Daga duma zuwa itace

Tun asali ba da itace ake yin akushin ba. Tsoffin Sinawa sun kasa kayan kiɗa gida takwas bisa abin da aka yi su da shi: ƙarfe, dutse, siliki, gora, duma, yumɓu, fata da itace. Sheng yana gidan duma, har yau kuwa a littattafai can yake, ko da yake an daɗe da barin duman. A 1978 aka tono kabarin Zeng Hou Yi, wani basarake da ya mutu wajen shekara ta 433 kafin Miladiyya, a Suizhou ta lardin Hubei. Kabarin ya yi suna ne saboda jerin ƙararrawa 65 na tagulla, amma a cikin kayan akwai sheng da dama, akushinsu na duma ne da aka shafe da baƙin fenti mai zane, harsunansu kuma na gora ne da aka feƙe. A kabarin Mawangdui da ke Changsha, na zamanin daular Han, wanda aka buɗe a 1972, an sami yu, babban ɗan'uwan sheng, mai bututu 22, shi kuma akushinsa na itace ne. A taskar Shosoin da ke Nara a Japan akwai sheng da yu na ƙarni na 8, masu bututu 17 da akushin itace, suna nan har yanzu.

Dalilin barin duma ba ya wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe ƙwarya. Ba ta da nauyi, amma ba ta da ƙarfi, kuma ba kai kake zaɓa mata siffa ba. Ka huda mata ramuka 17 kusa da juna, kowane yana ɗauke da bututunsa, ka ga yadda za ta tsage. Itace yana ba masassaƙi iko a kan kaurin bango, da girman cikin, da karkatar kowane rami. Sai dai ya zo da tasa matsalar.

Akushin

Masassaƙi yana fara wa ne da guntun itace mai tauri da ya bushe sarai, ya ɗora shi a kan injin juyi ya fitar da siffar kwano, sannan ya rarake cikin. Ba a son ciki mai faɗi. Iskar da ke cikin akushi kamar katifa take tsakanin bakin mai busa da harsuna: in ta yi yawa, sai mutum ya hura ya jira kafin murya ta fito, in ya juya daga hurawa zuwa zuƙa a ji giɓi. Shi ya sa ake barin ginshiƙi a tsakiyar akushin, ya cinye wurin da babu harshe, iska ta riƙa zagayawa ta bakin bango inda harsunan suke rataye. Ginshiƙin kuma yana tallafe murfin.

Murfin ne wurin haɗari. Ramuka 17 a kan da'irar da ba ta fi tafin hannu ba na nufin abin da ya rage tsakanin rami da rami ɗan siriri ne ƙwarai, kuma a wasu wuraren jijiyar itacen tana ratsa wannan ɗan siririn wuri kai tsaye daga wannan rami zuwa wancan. Nan tsaga ke bi. Ga kuma yanayin da itacen yake rayuwa a ciki: daga ciki hucin numfashin mutum mai ɗumi da laima, daga waje sanyin hunturun Beijing mai busar da leɓe. Ciki yana kumbura, waje yana tsukewa. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta sa mai busa ya riƙa haki kamar wanda ya hau dutse, domin rabin iskarsa tana fita ta inda ba murya.

Maganin da suka samo shi ne qi, ruwan wata bishiya da ake tsaga bawonta a tara kamar yadda ake taran ƙaro. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, kuma ba ya bushewa a rana, sai a wuri mai laima. Ana shafa shi ciki da waje, shafi bayan shafi, ana gogewa a tsakani. In ya kama, ruwa ba ya ratsa shi. Wanda ya ga baƙin akushin sheng yana ƙyalli zai ɗauka ado ne, alhali shi ne ke tsare itacen daga numfashin mai shi. A Japan ma, inda abin ya zama sho, haka suke yi, har sukan rufe saman da ƙahon ɓauna.

A lardin Henan an bi wata hanyar: akushin ya zama mai kusurwa huɗu, bututu 14 a layi uku. Huda ramuka a miƙe a kan katako mai faɗi ya fi sauƙi, kuma akwai sarari tsakaninsu. Sai dai kamannin fukafukan sun tafi, riƙon hannu ma ya canza.

Ba a manna bututu a cikin raminsa. Kowane bututun gora ana sa masa ƙafa ta itace mai tauri, irin jan itacen da Sinawa ke kira hongmu, a feƙe ta ta yi tsini kaɗan, ramin shi ma a yi masa irin wannan karkata. In an tura ƙafar sai ta toshe ramin da kanta, in an murɗa a hankali ta fito. Dole ta iya fitowa, domin a jikin wannan ƙafar harshen yake, kuma harshe abu ne da za a riƙa komawa kansa muddin sheng yana raye. To ka lissafa: ƙafa 17, rami 17, kowane sai ya zauna daram ba tare da manne ba, a lokacin zafi da lokacin sanyi. Bututu bebe kuwa toshe shi kawai ake yi, a huta.

Gorar da tagarta

An fi son baƙar gora, wadda suke kira zizhu. Ana zaɓen sanduna masu kauri ɗaya, a bar su su bushe, a gasa su a kan wuta a miƙar da karkatarsu, a fasa gaɓoɓin ciki hanya ta buɗe. Sannan a shafce gefe biyu na kowace sanda don su kwanta a jikin juna ba tare da giɓi ba. Maƙeri mai kula yana jera su yadda gaɓoɓin waje za su zo daidai a layi. A gefen dama ana barin ɗan giɓi a da'irar, inda manunin hannun dama ke shiga ya toshe ramukan da ke fuskantar ciki.

Tsawon da ake gani a waje ba shi ne tsawon murya ba. An yanka bututun ne don siffar fukafukai, dogaye a tsakiyar kowane gefe, gajeru a baki. A bayan kowane bututu, ta ɓangaren da ke fuskantar cikin da'irar, akwai wata doguwar tsaga da ake kira tagar murya. Daga harshe zuwa wannan taga, nan ne ainihin tsawon bututun ga iska. Abin da ya wuce taga gora ce kawai. Dogon bututu na iya zama mai siririyar murya in an buɗe masa taga ƙasa-ƙasa. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, domin ta raba aikin ido da aikin kunne, ta bai wa kowane haƙƙinsa ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Ta kuma ba maƙeri damar jera muryoyi yadda yatsu suke so. Ba a jere suke daga mai kauri zuwa siririya ba. An rarraba su ne yadda muryoyin da ake busawa tare za su faɗa ƙarƙashin yatsu daban-daban, domin a gargajiyance ba a busa murya ɗaya tilo a sheng. Kowace murya tana tafe da abokan rakiyarta, ta biyar a samanta ko ta huɗu a ƙasanta, da ninkinta, wato ita kanta muryar in ta maimaitu a mataki na takwas.

Kusa da gindin bututun akwai ƙaramin ramin yatsa, kuma aikinsa kishiyar na sarewa ne. In ramin yana buɗe, bututun shiru yake, ko da iska tana matsa harshensa. Sai an toshe shi murya ke fitowa. Abin da ke faruwa shi ne harshen ba ya iya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai, sai iskar da ke cikin bututun ta amsa masa a daidai saurinsa, tana tura shi tana janyo shi. Ramin da ke buɗe a gindi yana ɓata wannan amsawa. In an toshe, iskar bututu daga gindi har taga ta zama abu ɗaya, ta kama harshe, su tafi tare. Don haka ba a saita harshe daban a saita bututu daban a ce an gama. Aure ne ake ɗaurawa tsakaninsu. In taga ta yi ƙasa da yawa ko sama da yawa, harshen zai yi nauyin baki, ko ya shaƙe, ko ya yi magana in an hura ya ƙi in an zuƙa. Ana buɗe tagar kaɗan-kaɗan da wuƙa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Harshen

A nan ne aikin ya fi tsanani. Ƙarfen da ake so shi ne xiangtong, tagulla mai amo, irin wadda ake ƙera farantan kiɗa da ita. Ana yanko ɗan yanki da bai kai faɗin farce ba, a kankare shi da wuƙa da magagari har ya yi siriri, sannan a tsaga harshen a tsakiyarsa. Kaurin ba ɗaya ba ne daga gindi zuwa baki, kuma hannu ne ke sanin inda za a rage. Harshe mai kauri yana da ƙarfin murya amma yana cin numfashi. Siriri yana amsawa da ɗan huci kaɗan amma yana lanƙwashewa in an busa da ƙarfi. Harsuna 17 dole su zama masu taurin kai iri ɗaya, tunda iska ɗaya ce ke matsa su. In ɗaya ya fi saura laushi, shi zai riƙa riga kowa magana, ya rufe abokan rakiyarsa.

Ana ɗora farantin a kan ƙafar itacen, a zagaye bakinsa da narkakken kakin zuma da aka haɗa da ƙaron itace, ya manne ya kuma toshe. Saura giɓin da wuƙa ta bari tsakanin harshe da ƙofarsa. Komai ƙwarewar hannu, giɓin yana nan, kuma ta nan iska ke zurarewa daga duk bututun da ba a toshe raminsu ba. Mai busa yana toshe uku ko huɗu ne a lokaci ɗaya, sauran 13 ko 14 suna zaune suna shan iskarsa a banza. Sinawa suna magance wannan da wani koren dutse da suke gogawa a kan farantin jan ƙarfe da ɗan ruwa, har ya zama koren kunu mai laushi. A shafa a kan harshen da ɗan buroshi, a bari ya bushe, sannan a taɓa harshen a hankali ya ɓalle. Garin dutsen ya cike giɓin, ya bar wa harshe hanyar wucewarsa kawai. Shi ya sa harshen sheng kore ne in ka zaro shi.

Daga nan sai saiti. A kan bakin harshen ana ɗiga jan kaki, wanda aka haɗa da garin wani jan ma'adini mai nauyi. In an ƙara kaki harshe ya yi nauyi, murya ta yi kauri. In an kankare ta yi sama. Da ɗan tsinken ƙarfe mai zafi ake yin wannan, kuma bambancin da ake nema wani lokaci bai kai ƙwayar gero ba. Mai saiti ba ya auna murya ɗaya ita kaɗai. Yana busa biyu tare, yana sauraron rawar da ke tsakaninsu, yana taɓa kaki har rawar ta kwanta. Wannan aiki suna kiransa dian sheng, wato ɗiga wa sheng.

Yanzu amsar tambayarmu ta fara fitowa. Kowane harshe da aka ƙara ƙofar yoyo ce, ƙafa ce da za a zaunar, ɗigon kaki ne da zai iya gocewa, kuma murya ce da dole ta yi daidai da duk abokan rakiyarta. In waƙoƙin da ƙungiya take busawa ba su wuce tushe ɗaya ko biyu ba, wato muryar da ake gina waƙa a kanta, harsuna 13 ko 14 sun wadatar, kuma sheng ɗin zai fi sauƙin numfashi da sauƙin kula. Kiɗan gidan Zhihua yana da tushe huɗu, kuma cikakken jerin harsuna shi ke ba da damar zagaya su. Bututu bebe alama ce ta muryar da aka daina buƙata, sannan a hankali aka manta da ita. Ko a Japan, biyu daga cikin bututu 17 na sho bebaye ne a yau.

Bebayen nan suna tuna mini da labarin da Han Fei ya rubuta a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Sarki Xuan na ƙasar Qi yana son a busa masa yu da mutum 300 a tare. Wani mai suna Nanguo, wanda bai iya ba, ya shiga cikinsu yana riƙe da abin yana motsa kumatu, yana karɓar abinci. Da sarkin ya mutu, ɗansa ya ce shi ɗaya-ɗaya yake son ji, sai Nanguo ya gudu. Sinawa har yau suna karin magana da shi a kan wanda ya cika lissafi ba ya aiki.

Abin da ba ya ƙarewa

Sheng ba ya fita daga hannun maƙeri ya zama an gama. Numfashi yana sauka a kan tagulla mai sanyi ya zama raɓa, raɓa ta ƙara wa harshe nauyi, murya ta sauka, wani lokaci harshen ya manne gaba ɗaya. Masu busa sho a Japan suna juya shi a kan kaskon gawayi kafin su fara da kuma tsakanin waƙoƙi, don tagullar ta yi ɗumi kada raɓa ta zauna. In kuma zafi ya yi yawa kaki ya narke, saiti ya tafi. Koren garin yana tara datti yana yin danƙo, sai an zare harsuna an wanke an sake shafawa. A ƙauyukan lardin Hebei da ke kudu da Beijing, irin su Qujiaying da Gaoluo, akwai ƙungiyoyin manoma masu busa irin wannan kiɗa a jana'iza da bukukuwan sabuwar shekara, kuma kafin lokacin bikin sai an ɗiga wa duk sheng ɗin ƙungiyar, a daidaita su da juna da kuma farantan tagulla, waɗanda muryarsu ba ta motsi. Ƙungiyar da ta rasa mai yi mata wannan aiki, kayanta za su yi shiru ko da ba abin da ya karye.

Shigowar ƙarfe

A daidai shekarun da Yang Yinliu yake rubuta waƙoƙin sufayen Zhihua, wata buƙata dabam ta taso. Sabuwar gwamnati tana kafa manyan ƙungiyoyin kayan kiɗan gargajiya a kan tsarin na Turai, mutum da dama a kan dandamali, a gidan rediyo da manyan zauruka. Ana son sheng ya yi ƙara, ya iya kowane tushe, kuma a iya ƙera shi da yawa iri ɗaya. Akushin tagulla, wanda ake goge shi ya yi fari, ya amsa duk wannan. Ba ya tsagewa, bangonsa siriri ne, ana iya huda masa ramuka fiye da 17 ba fargaba, har ana iya yi masa ɗan aljihun zuba ruwan zafi don ɗumama harsuna a lokacin sanyi. Hu Tianquan, ɗan lardin Shanxi, ya fito da sheng a matsayin abin da mutum ɗaya zai tsaya ya busa a gaban jama'a, ya kuma ci lambar zinariya a bikin matasa na duniya a Mosko a 1957. An ƙara bututu zuwa 21, 24 da sama. An sa wa wasu kwanson ƙarfe don ƙara amo. Daga baya aka yi mai harsuna 36 da maɓallai a madadin ramukan yatsa, wanda ke da dukan muryoyi cikin ninki uku, aka kuma yi manya da ake ajiyewa a cinya ko a ƙasa.

Ba na cikin masu cewa wannan ɓarna ce. Matsalar bututu bebe ta ƙare, kuma ba don sabon sheng ba da makaɗan sheng irin su Wu Wei ba su tsaya da shi a gaban manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai ba. Amma an biya farashi. Masu busa da dama suna cewa akushin itace ya fi taushin murya, na ƙarfe ya fi kaifi. Itace ba ya sanyi a hannu, kuma ba ya tara raɓa da sauri kamar ƙarfe. Sabon sheng ya yi nauyi, har wasu sai da madauri. Maɓalli yana rufe rami gaba ɗaya ko ya buɗe shi gaba ɗaya, yatsa kuwa yana iya rufe rabi, ya ja murya ta zame. Saitin ma ya koma irin na fiyano, wanda ke raba ninki gida 12 daidai wa daida, alhali tsohon mai ɗiga kaki yana bin kunnensa ne har sai rawar da ke tsakanin muryoyi biyu ta mutu. Wanda ya busa tsohuwar waƙar gidan ibada da sabon sheng zai fitar da kowace murya, amma haɗuwarsu ba za ta kwanta yadda take kwanciya a da ba.

Inda itace ya tsaya da ƙafarsa shi ne kudu maso yamma, a wurin al'ummar Miao na lardin Guizhou. Irin nasu sheng ɗin, mai suna lusheng, bututu 6 gare shi, akushinsa kuma dogo ne, haɗe da bakin busa, daga itace ɗaya mai laushi. Ana tsaga itacen biyu a tsaye, a rarake kowane ɓari, a mayar a haɗe, a ɗaure da zobba. Ramuka 6 ba sa raunana itace kamar 17, kuma tsagar da ake tsoro an riga an yi ta da gangan an ɗaure ta. A 2006 gwamnatin Sin ta sa sana'ar ƙera lusheng ta gundumar Leishan cikin jerin farko na al'adun gado da ƙasa ke karewa. Kiɗan gidan Zhihua ma yana cikin wannan jerin na 2006.

Harshen da ke kaiwa da komowa cikin ƙofarsa ya yi tafiya mai nisa. Amiot, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya zauna a Beijing, ya aika da sheng zuwa Paris a 1777. Cikin shekaru hamsin da ɗoriya da suka biyo baya Turawa suka fito da hamonika da akodiyon, wanda Cyrill Demian ya yi wa rajista a Vienna a 1829. Su sun ɗaure harshen ne a saman farantin maimakon su yanka shi daga jikinsa, don haka nasu yana magana ta fuska ɗaya kawai, kuma ba ya buƙatar bututu. Sun sami abin da injin masana'anta zai buga dubbai. Na sheng ya ci gaba da zama aikin wuƙa da kunne, ko a masana'antun Zhuozhou da Tianjin inda ake ƙera shi yau.

Wanda zai ƙera sheng mai akushin itace da harsuna 17 masu magana a yau, shawarar farko da zai yanke ita ce irin saitin da zai bi, domin ita za ta faɗa masa inda zai buɗe kowace taga. Bayan haka sai ya sassaƙa akushin ya bar shi ya huta kafin ya huda murfin, ya huda ya sake bari kafin ya zaunar da ƙafafu, tunda itacen da aka rarake yana motsi. Kafin ya ɗora harshe ko ɗaya, zai toshe ramuka 17 duka ya hura. In ya ji iska tana ragewa a kumatunsa, ya koma wa fenti. In akushin ya riƙe, sai ya fara da harsuna biyun da suka fi kaurin murya, ya daidaita taurinsu, sauran 15 su bi bayansu.